Daminar da Muka Koyi Kallon Tanis

Duk wanda ya yi jami'a a ƙasar nan ya san watannin da ke tsakanin jarrabawar ƙarshe da fitowar takardar bautar ƙasa. Kai ba ɗalibi ba, kai ba ma'aikaci ba. A gida an daina tambayarka yaushe za ka koma makaranta, ba a kuma fara sauraron cefanenka ba. Manya suna kiran wannan zama na kashe wando, ban kuwa ga laifinsu ba, domin mutumin da ya fita tun asuba ya dawo bayan magariba, in ya tarar da ƙato a kan benci yana miƙa, dole ransa ya sosu. Amma ni da za a ce in nuna lokacin da ya fi yi mini amfani a ƙuruciyata, waɗannan watanni zan nuna. Nawa sun faɗo a daminar 2001, bayan na gama Jami'ar Bayero, kuma na cinye su ne tsakanin Fagge inda aka haife ni da Sabon Gari inda abokina yake.

Mu uku ne. Ɗaya abokina ne tun makarantar allo, bai yi nisa a boko ba ya kama ɗinki, tela kuwa a Fagge ba ƙaramin mutum ba ne. Ɗayan ɗan ajinmu ne a jami'a, Bayarabe, Kirista, asalin gidansu Ogbomosho, amma da shi da mahaifinsa duk a Sabon Gari aka yanke musu cibiya. In yana magana a bayan labule ba za ka ce ba ɗan cikin gari ba ne.

A teburin wani mai shayi kusa da Wapa muka tsara yadda za mu ci hutunmu. Abokina na Sabon Gari ya juya bayan wata takardar kundin bincikensa da malami ya cika da jan biro, ya hau rubutu. Za mu koyi tuƙi. Za mu je madatsar ruwa ta Tiga mu kwana. Za mu je Yankari mu ga giwa mu yi wanka a Wikki. Za mu je Birnin Kudu mu ga zanen mutanen da a jikin duwatsu, mu leƙa rijiyar Kusugu a Daura. Kowannenmu zai koyi kwamfuta ya buɗe adireshin imel. Tela ya ce a sa masa Agadas, don kakansa Buzu ne, kuma tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake cewa Fagge zangon fataken arewa ne, ya kamata jika ya rama ziyara. Muka sa masa. Babu wanda ya kawo zancen kuɗi a daren nan, kuma har yau ina jin daɗin da ba a kawo ba.

Kuɗin ne dai ya yanke hukunci daga baya. Yayana yana da shago a Kantin Kwari, muka yi yarjejeniya da shi: in zauna masa daga safe zuwa azahar ina rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, shi kuma ya riƙa ba ni na kashewa. Abin da yake ba ni ya ishi acaɓa da shayi da hayar kaset, bai kai Bauchi ba. Sai hutun ya tattara ya koma kan abu biyu da aljihunmu zai iya ɗauka, fim da tanis.

Fim dai da shi muka tashi. Yaron Fagge na zamaninmu ya buɗe ido ya ga silimar Plaza a ƙofar gida, ga El Dorado a Sabon Gari, ga Orion a Ƙofar Wambai. Wapa ɗin ma da 'yan canji suka mamaye, daga gidan silima ta gaji sunanta. Tun 1937 aka buɗe Rex, kuma Kwarori ne suka daɗe suna riƙe da harkar. Su suka gano cewa fim ɗin Indiya ya fi na Amurka shiga ran Bahaushe, dalilin kuwa a fili yake: ga auren dole, ga kunyar suruki, ga ɗan talaka da ya ƙyalla ido a kan 'yar mai kuɗi, ga uwar da ake tsoron bakinta. Ba ma jin yarensu amma mun san abin da ke damunsu. Har sunaye muka raɗa wa jarumansu, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Yawancin silimun ba su da rufi, sai duhu ya yi ake fara haskawa, da damina kuwa ido ɗaya yana kan bango ɗaya yana kan hadari. Kakata ba ta taɓa yarda da zuwanmu ba. Ita silima a wurinta El Duniya ce, wadda ta kama da wuta ranar 13 ga Mayun 1951 mutum 331 suka rasu. Tana amarya aka yi abin, kuma har ta bar duniya in ta ji an ambaci silima sai ta yi salati.

A shekarar da nake ba da labari, wannan duniyar ta riga ta fara naɗe tabarmarta. A watan Disamban 2000, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar, gwamnatin Kano ta dakatar da shirya finafinai da nuna su, a 2001 kuma ta kafa hukumar tace finafinai. Da aka bar gidajen silima suka sake buɗewa, an hana cakuɗuwar maza da mata. Ba zan ce babu abin gyara ba, duk wanda ya san bakin silima da dare ya san akwai shaye-shaye da daba. Amma akwai abin da ya tafi wanda bidiyo bai dawo da shi ba, wato ihun mutum ɗaruruwa a lokaci guda sa'ad da jarumi ya diro daga kan doki.

Sai muka koma ɗaki. Ƙofar Wambai da Bata su ne matattarar kaset, daga can yake bazuwa zuwa shagunan haya na cikin unguwa. A gidanmu bidiyon na tsakar gida ne, Hajiya da ƙannena mata su ke da iko da shi, su kuwa sun riga sun koma fim ɗin Hausa. Sangaya ya fito a 1999, Wasila ya biyo baya, waƙoƙinsu suna tashi daga kowane shagon aski da kowane gidan biki. Mujallar Fim, wadda aka fara bugawa a 1999, takan zaga gidaje har bangonta ya cire kafin ta dawo hannun mai ita. Samarin jami'a na lokacin suna yi wa finafinan nan kallon raini, ni ban bi su ba. Na zauna na ga yadda Hajiya take gyara zama in jaruma ta buɗe baki ta yi magana da irin Hausar da ake yi a ɗakinta, na san ba ƙaramin abu ke faruwa ba. Shekara da shekaru tana kallon damuwarta a bakin Indiyawa, ga shi yau an faɗa mata da harshenta.

Tanis kuwa ta hannun mahaifin abokina ya zo mana. Baba muke ce masa, kamar yadda 'ya'yansa suke faɗa. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, kuma ɗan abin da aka sallame shi da shi bai saya wa kansa komai na more rayuwa ba sai dish da ƙaramin janareta. Yana yaro ya yi wa Turawa tsintar ƙwallo a Bompai, a nan ya koyi wasan da tsohon raket na katako da wani ya yar. Raket ɗin yana nan rataye a falonsa, sama da talabijin, igiyoyinsa sun tsintsinke.

Daga gidanmu zuwa nasu tafiyar ƙafa ce. Ka fito Wapa, ka bi ta gefen kasuwar Sabon Gari, ka faɗa France Road, sai ka karya cikin layi. Amma na san mutane da yawa a unguwarmu da suka yi furfura ba su taɓa zama a falon kowa a Sabon Gari ba. Sukan je sayen kayan gyaran mota ko magani, su fito. Haka can ma akwai waɗanda Fagge a wurinsu wurin canjin kuɗi ne da sayen atamfa kawai. Tun da aka kafa Sabon Gari, 'yan shekaru bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, aka tsara shi don baƙi su zauna daban, kuma tsarin ya daɗe a zukata fiye da yadda ya daɗe a takarda.

Ranar farko da na tarar da Baba yana kallon tanis, gaishe shi kawai na shiga yi. Ya ce, “Zauna ɗana, ka ga wasan masu haƙuri.” Mu 'yan ƙwallon ƙafa ne. Shekara biyu kafin nan an buga gasar matasa ta duniya a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, a 2000 kuma aka kawo mana wasannin kofin Afirka. Mun saba da ganga da ihu da zagin alƙali. Sai ga wani wasa da dubban mutane suke zaune tsit, alƙali yana kan doguwar kujera, in wani ya yi tari ma sai an ji. Lissafinsa kuma ya ɗaure mana kai: daga 15 a tafi 30, daga 30 a faɗa 40.

Da dambe Baba ya warware mana. Ya ce mu ɗauka turmi biyar ake yi, wanda ya riga cin uku ya yi kisa. Kowane turmi sai ka ci wasa shida, kuma ka ba abokin karawarka tazarar biyu. Sannan ya faɗi abin da ya sa na fara ganin girman wasan. Ya ce a ƙwallon ƙafa in kana gaba da ci ɗaya kana iya kwanciya a ƙasa ka riƙe ƙafa har alƙali ya busa. A nan babu agogo. Ko ka yi gaba da nisan duniya, ba wanda zai tashe ku sai ka ci makin ƙarshe da hannunka, wanda ke baya kuma ba a rufe masa ƙofa sai ya rufe da kansa.

Gasar Wimbledon ta fara a ƙarshen Yuni. Wani abin daɗi shi ne a wannan lokaci na shekara agogon Landan da na Kano ɗaya ne, saboda haka ina tashi daga Kwari sai in wuce kai tsaye. Tela yakan rufe keke ya biyo ni, ya bar yaransa da aikin. Shi abin da ya fara jan hankalinsa fararen kayan 'yan wasan ne, don a Wimbledon doka ce a sa fari. Yana kallo yana faɗin inda aka tsuke hannun riga da inda aka saki. In mata suka shigo fili kuwa sai ya tashi ya koma baranda, ya ce a kira shi in maza sun dawo. Ba wanda ya taɓa yi masa dariya a gidan. Mama ma, matar Baba, tun zuwanmu na farko ta ware mana buta da sabuwar tabarma, ta nuna mana gabas ba tare da mun tambaya ba. In ta yi amala da miyar ewedu takan ce, “Ku ci da kwanciyar hankali, a wurin mahautanku na sayo naman.” Hajiya da ta ji haka sai ta fara ba ni dambun nama da fura in kai mata. Matan nan biyu sun yi shekaru suna aika wa juna kwano.

Ranar Litinin 2 ga Yuli muka ga abin da ba mu san darajarsa ba sai daga baya. Pete Sampras na Amurka, mai kofin Wimbledon bakwai, wanda ya yi wasa 31 a jere a filin nan ba a doke shi ba, ya haɗu da wani yaro ɗan Suwizalan mai shekara 19 da ya ɗaure gashinsa ta baya. Sai da aka kai turmi na biyar, yaron ya ci 7 da 5, ya durƙushe yana kuka. Baba ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce mu riƙe sunan nan, Roger Federer. Ba su sake haɗuwa a wata gasa ba har Sampras ya yi ritaya, ashe karo ɗaya tilo ne muka dace da shi a wani falo a Sabon Gari, fanka tana juyawa da ƙarfin janareta.

Amma gwanina a gasar nan ba shi ba ne. Wani dogon bahago ne ɗan Kuroshiya, Goran Ivanisevic. Sau uku yana zuwa wasan ƙarshe a Wimbledon ana doke shi, a 1992 Andre Agassi, a 1994 da 1998 Sampras. Kafaɗarsa ta lalace, ya gangaro har na 125 a duniya, matsayin da bai isa ya shigar da shi gasar ba, sai gurbin alfarma aka ba shi. Ga zuciya: a wata gasa a Ingila a ƙarshen 2000 ya kakkarya raket ɗinsa duka don fushi, har ya rasa na ƙarasa wasan. Baba ba ya son halinsa, ya fi son Pat Rafter na Ostireliya, mai natsuwa da ladabi. Ni kuwa tun ranar da na ji tarihinsa na bi shi. Ina zaune ban san jihar da za a tura ni ba, ban san ko akwai aiki bayan nan ba, na ga yayyenmu da digirinsu suna zaga ofisoshi da fayil a hammata. Mutumin da aka ce tasa ta ƙare amma ya sake ɗaura ɗamara ya fi kusa da zuciyata.

Wasansa na kusa da ƙarshe da Tim Henman, ɗan gida, kwana uku aka yi ana bugawa. Ranar Juma'a Henman ya ci turmi na uku 6 da nema, kowa ya ce an gama, sai ruwa ya sauko a Landan aka ja tamfol aka rufe fili, don a lokacin babban filin ba shi da rufi, sai a 2009 aka yi masa. Asabar ma ruwan bai bari an ƙarasa ba, sai Lahadi, inda Ivanisevic ya yi nasara. Mu kuma a nan namu ruwan yana yi mana tasa: da hadari ya haɗo ta gabas sai hoton ya fara yayyagewa, ya ɗauke gaba ɗaya. Sai mu fito baranda mu zauna muna kallon ruwa yana cika kwata, yara suna tsalle a ciki.

A irin wannan zaman jiran ne Baba yake buɗe jakar labarai. Ya ba mu labarin Nduka Odizor, ɗan Najeriya da ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, da yadda shi da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi suka wakilci ƙasar nan a gasar Olamfik ta 1988 a Koriya ta Kudu. Jin sunan Sadiq Abdullahi ya sa tela ya gyara zama, don bai taɓa zaton akwai mai irin sunanmu a wasan ba. Sannan ya ba mu wanda ban taɓa mantawa ba. Arthur Ashe, baƙar fatan Amurka da ya ci Wimbledon a 1975, yana Legas ana wata gasa lokacin da aka kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976. Bayan kwana uku, yana tsakiyar wasan kusa da ƙarshe da Jeff Borowiak, sojoji suka shigo fili, ɗaya ya dafa masa bindiga a baya ya fitar da shi. Mu da muke bin titin Murtala kullum, muka tashi da labarin ranar da aka kawo gawarsa Kano, ba mu taɓa sanin wannan ɓangaren ba. Baba ya ce tun daga ranar manyan 'yan wasan duniya suka ja baya da ƙasar nan, kuma yana faɗa ne kamar abin jiya ya faru.

Lahadin da aka ƙarasa wasan Henman, Venus Williams ta doke Justine Henin ta riƙe kofinta na mata. Baba ya miƙe tsaye yana tafi, ya kira Mama daga kicin ta zo ta gani. Ya ce yarinyar nan da ƙanwarta ubansu ne ya koya musu a filin unguwar talakawa, ba a kulob ɗin masu kuɗi ba.

Saboda ruwan da ya ɓata tsari, sai aka ɗage wasan ƙarshe na maza, tsakanin Ivanisevic da Rafter, zuwa Litinin 9 ga Yuli da ƙarfe 12 na rana. Na roƙi yayana ya ɗaga mini ƙafa. Ya dube ni ya ce, “Wai ƙwallon nan ta Turawa ce za ta hana ka kasuwa ran Litinin?” Amma ya bar ni. An sayar da tikiti dubu goma ga duk wanda ya riga zuwa layi, saboda haka 'yan kallon ranar ba masu kwat ba ne, talakawa ne masu tuta da waƙa. Tela ya ce yau dai an yi kallo irin namu. Ivanisevic ya ci turmin farko, Rafter ya rama, ya sake ci, Rafter ya sake ramawa. A tsakani muka yi azahar a kan tabarmar Mama, abokina yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran mu sallame ya faɗa mana inda aka kwana.

Turmi na biyar ya kai 7 da 7, Ivanisevic ya karya sabis ɗin Rafter, wato ya ci wasan da Rafter ke fara buga ƙwallo, ya rage masa ya riƙe nasa. A nan na ga abin da Baba yake nufi. Mutumin da duk duniya ta san shi da ƙarfin sabis, hannunsa ya kama rawa. Ya samu damar kisa ya ɓata sabis biyu a jere. Ya sake samu ya sake ɓatawa. Yana ɗaga kai sama yana addu'a, idonsa ya kawo ruwa, yana neman a miƙo masa ƙwallon da ya ci maki da ita. Ba mai busa masa tashi. Sai a dama ta huɗu Rafter ya mayar da ƙwallo cikin raga. 9 da 7, bayan awa uku ana fafatawa. Ya hau cikin 'yan kallo ya rungume mahaifinsa mai ciwon zuciya. Har yau shi kaɗai ne namijin da ya ci kofin ɗaiɗai na Wimbledon da gurbin alfarma. Baba, wanda gwaninsa ya faɗi, ya miƙo mini hannu ya ce, “Ɗan Fagge, mutuminka ya biya bashinsa.”

Da gasar ta ƙare sai muka mayar da falon silima. A lokacin faifan bidiyo ya fara korar kaset, fim ɗaya faifai biyu ko uku. Abokina ya samo Lagaan na Aamir Khan, wanda ya fito a watan Yunin shekarar, kusan awa huɗu. Labarin wani ƙauye ne a Indiya a 1893, ana fari, ga haraji ya yi musu katutu, sai Baturen soja ya sa musu caca: su kara da shi a wasan kurket, in sun ci a yafe musu harajin shekara uku, in an ci su su biya ninki uku. Baba ya san kurket, yana yi mana bayani. Tela kuwa haraji ya sani. Ya ce mahaifinsa ya sha ba shi labarin yadda mutum kan bar garinsu da dare don gudun mai karɓar haraji, har zuwa 1979 da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Kano. Baba ya ce yana nan aka yi, ya ga murnar da aka yi a gari. Muka raba dare muna wannan hira, Bahaushe da jikan Buzu da Yarabawa biyu, a kan fim ɗin Indiya da wasan Ingila. Ban taɓa samun darasin tarihi irin na daren nan a aji ba.

A watan Agusta wayar salula ta shigo ƙasar, kuɗin layi kaɗai ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. A cikin tsarinmu na teburin mai shayi, imel kawai muka buɗe, sai Tiga da muka je muka dawo a yini ɗaya a motar haya. A farkon Satumba muka kwana a falon muna jiran wasan ƙarshe na gasar Amurka, inda Venus ta kara da ƙanwarta Serena ta yi nasara. Bayan kwana uku, a talabijin ɗin nan dai, muka ga jirage suna shiga dogayen benaye a birnin da aka buga wasan.

Ranar 7 ga Oktoba Amurka ta fara ruwan bama-bamai a Afganistan. Ranar Juma'a 12 ga wata aka yi zanga-zanga a Kano, washegari ta rikiɗe ta zama rikici. An rasa rayuka, an ƙona shaguna da wuraren ibada, aka sa dokar hana fita, sojoji suka cika titi. Hanyar da nake bi da ƙafa kullum ta zama iyaka. Ba ni da waya, ba su da waya. Hajiya ta kasa cin abinci, tana ta tambayata ko akwai wanda ya fito daga can. Da aka sassauta muka tafi ni da tela, muka ratsa shingaye, muka tarar da ƙofar a kulle da sarƙa. Baba da kansa ya buɗe. Gidan lafiya, amma maƙwabtansu da dama suna ɗaure kaya, motocin kudu sun cika a New Road. Na tambaye shi ko su ma za su tafi. Ya ce yana yaro aka yi na 1953, ya ga na 1966, ya ga na 1991. Ya ce, “Ina za ni, ɗana? Uwata a nan take kwance.” Mama ta kawo mana ruwa, ta ce in gaya wa Hajiya kwanonta yana nan ba ta manta ba.

Ba mu daina zuwa ba, amma zaman dare ya ƙare. Kafin magariba Baba da kansa yake cewa mu tashi. Wannan ne abin da ya fi yi mini ciwo, kuma har yau in na ji matasa a kowane ɓangare suna magana a kan ɗaya ɓangaren kamar wata ƙasa ce ta daban, raina yakan ɓaci, don na san tsawon hanyar, na auna ta da ƙafata.

Takardar bautar ƙasa ta fito daga baya. Aka tura ni kudu, aka tura abokina wata jihar ta arewa. An kafa shirin ne a 1973 don ɗan Najeriya ya san ɗan'uwansa, kuma ya yi mini amfani, sai dai na isa sansani na tarar amala ba baƙuwata ba ce, na kuma san yadda ake gaida dattijon Bayarabe. Abokina yanzu yana aiki a Ibadan. Baba ya rasu a Kano, a nan aka binne shi kamar yadda ya so. Ni da tela mun je gidan gaisuwa, Hajiya ma ta sa aka kai ta, ta zauna da Mama har la'asar.

Sai bayan rasuwarsa na fara zuwa kallon gasar Dala Hard Court da ake yi a Kano Club, na ga wasan ido da ido, na ga yaran Kano suna tsintar ƙwallo suna satar kallon yadda manya ke riƙe raket. Na ja tela muka je tare, ya tafi da autansa. Tun daga ranar yaron ya hana shi sakat, yana ta buga ƙwallo a bangon shago da murfin tukunya. A Fagge babu filin da zai koya, saboda haka muka samo masa mai koyarwa a wajen Bompai, abokina ya aiko masa da raket daga Ibadan. Uban yana da ɗinkin biki a gabansa, Asabar mai zuwa ni zan kai shi.